Manhajar fitar da fozishin ɗin ɗalibai tana tsayawa a aji ɗaya, masu Java a taimaka

Malamin_Kwamfuta_Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu Java a leƙo, abin ya kai min ga wuya, kuma ranar Juma'ar nan za mu raba rifot.

Ni ke koyar da kwamfuta a wata sakandare mai zaman kanta a nan Zariya. Da can kowane fom masta da Excel yake fitar da sakamakon ajinsa, kuma duk ƙarshen zango sai an kai ruwa rana: wannan ya ja fomula ta tsallake layi, wancan filashinsa ya kwaso bairos. Sai na ɗaga hannu a taron malamai na ce ai ni zan iya rubuta 'yar manhajar da za ta yi aikin gaba ɗaya. Hajiya mai makaranta ta ce to bismilla. Baki dai shi ke yanka wuya.

Javar da na iya ta foliteknik ce, sai ɗan abin da na tsinta a YouTube. Java 8 nake amfani da ita a NetBeans, manhajar da ake rubuta kod a cikinta. Kowane yaro na ajiye shi a matsayin `Dalibi`, yana ɗauke da suna, jimlar maki da abareji. Tunda Java ba ta san wane ɗalibi ya fi wani ba sai an gaya mata, na rubuta mata yadda za ta kwatanta biyu, mai babban abareji ya hau sama:

```java
Collections.sort(dalibai, new Comparator<Dalibi>() {
    public int compare(Dalibi a, Dalibi b) {
        return (int) (b.getAbareji() - a.getAbareji());
    }
});
```

Abarejin `double` ne, wato lamba mai ɗigo, shi kuma `compare` ya ce `int` yake so, wato cikakkiyar lamba marar ɗigo, shi ya sa na sa `(int)` a gaba, jan layin ya ɓace.

Na gwada da SS 3, yara 24, ya fito tsaf. Na gwada da JSS 2A, yara 55, ya fito. Har na kira fom mastan 2B ya zo ya ga ikon Allah. Ina latsawa a ajinsa mai yara 58 sai ga jan rubutu:

`java.lang.IllegalArgumentException: Comparison method violates its general contract!`

Wace yarjejeniya muka yi da ita har na karya? Kod ɗaya ne, ban taɓa ko waƙafi ba. Na kashe na kunna, na sake shigar da makin ajin daga farko, jiya har ƙarfe ɗaya na dare ina kai sai da batirin laftof ya mutu, don tun magariba aka ɗauke mana wuta. Me ya sa aji biyu suka wuce, ɗaya ya ƙi?

Dan_Sabon_Gari ya rubuta:

Wa alaikumussalam Malam. Wannan ai tsohuwar matsala ce. Sa wannan a layin farko na `main` ɗinka:

`System.setProperty("java.util.Arrays.useLegacyMergeSort", "true");`

Zai koma tsohuwar hanyar jerawa, ba za ka sake ganin jan rubutun ba. Ni ma da shi na tsira lokacin furojet.

Antin_Java ta rubuta:

Malam, don girman Allah kar ka sa layin da ɗan'uwa ya ba ka. Gaskiya ne saƙon zai ɓace, amma kamar direban da fitilar mai ta kama masa ne ya liƙe ta da salatif. Kai sakamakon 'ya'yan mutane kake fitarwa, kuma ina mai tabbatar maka azuzuwan da kake cewa sun wuce ma akwai gyara a cikinsu.

Matsalar tana cikin `(int)` ɗin nan da ka sa don jan layi ya ɓace. Shi ba ya kusantar da lamba, datse duk abin da ke bayan ɗigo yake yi ya zubar. 0.9 ya zama 0, haka -0.9 ma 0. Kuma a wurin Java, in `compare` ya dawo da 0, cewa ya yi mutanen nan biyu kunnen doki suka yi. Ɗauki yara uku:

Audu 71.2, Binta 71.8, Sani 72.4.

Audu da Binta: tazara 0.6, an datse, 0. Ka ce daidai suke. Binta da Sani: 0.6, nan ma ka ce daidai suke. To in Audu daidai yake da Binta, Binta daidai take da Sani, ai dole Audu ya zama daidai da Sani. Amma da aka tambaye ka Audu da Sani, tazara 1.2, ka dawo da 1, wato Sani ya fi. Ka ga ka yi magana biyu.

Kai malami ne, ka san layin asambuli. In ka ce a jeru bisa tsawo, sannan ka ƙara da cewa duk waɗanda tsawonsu ya kusa ɗaya a ɗauke su daidai, a hankali za ka ga dogo ya tsaya gaban gajere, don kowa ya kusa da na kusa da shi. "Kusan ɗaya" ba ta jera mutane.

Yarjejeniyar da kake tambaya a rubuce take a bayanin `Comparator`. In ka ce a ya fi b, to in aka juya tambayar dole ka ce b bai kai a ba. In a ya fi b, b ya fi c, dole a ya fi c. In kuma a da b daidai suke, to duk wanda aka kwatanta su da shi amsa iri ɗaya za su samu. Ta ukun nan ka karya.

Batun me ya sa wani aji ya wuce kuwa, shi ne wurin da ya fi ba ni tsoro. Tun Java 7, wadda ta fito a 2011, hanyar da ake jera irin waɗannan abubuwa ita ce TimSort, wadda Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002. Tana raba jeri gunduwa-gunduwa, ta jera kowace, sannan ta haɗe su. A wajen haɗewar ne wani lokaci take tarar da lissafi bai fita ba, sai ta yi ihu. Amma in jerin bai kai 32 ba, ba ta zuwa matakin haɗewa sam, ɗaya bayan ɗaya take cusa su. Ajinka mai 24 ko me ka rubuta ba zai taɓa nuna wannan saƙon ba. Mai 55 ɗin kuma sa'a ce kawai, ko in ce rashin sa'a, don Java ba ta yi alkawarin kama kowace karya ba, wadda ta ci karo da ita take faɗa. Je ka buɗe SS 3 ka bi abarejin da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ka dawo ka ba mu labari.

Gyaran layi ɗaya ne:

`return Double.compare(b.getAbareji(), a.getAbareji());`

Tunda kana kan Java 8, ga wadda ta fi daɗin karantawa:

```java
dalibai.sort(Comparator.comparingDouble(Dalibi::getAbareji)
        .reversed()
        .thenComparing(Dalibi::getSuna));
```

Ka lura da inda `reversed()` ya zauna. Duk abin da ya riga shi zuwa yake juyawa. In ka kai shi can ƙarshe, har sunayen zai juya, Zainab ta riga Amina.

Kuma ka yar da ɗabi'ar ɗebe wannan daga wancan a cikin `compare`, ko da `int` ne. A makin jarrabawa ba za ta cuce ka ba, amma `int` iyakarsa 2,147,483,647, ranar da ka ɗebe babbar lamba mai alamar ragi daga wata babba sai sakamakon ya zarce ya juyo ta baya. `Integer.compare` na nan kyauta.

Malamin_Kwamfuta_Zazzau ya rubuta:

Innalillahi. Anti, na je na duba SS 3 kamar yadda kika ce, gumi ne kawai ya karyo min. Yarinya mai 68.9 tana ta bakwai, yaro mai 68.3 yana na shida. A ƙasa kuma wajen na goma sha biyar wasu uku sun cakuɗe. Sai yanzu na gane dalili: rajista bisa haruffa na shigar da su, duk waɗanda na ce mata daidai suke sai ta bar su yadda ta same su, shi sunansa da A ya fara, ita da H. Har na buga katin ajin guda 24 ranar Litinin, suna cikin durowar ofis ana jiran sa hannu. Uban yarinyar nan kuwa irin iyayen nan ne masu zuwa da kalkuleta ranar rabon rifot. Allah Ya saka miki da alheri, Ya rufa miki asiri yadda kika rufa min.

Dan_Sabon_Gari, na gode kai ma, amma ka ga inda layinka zai kai ni.

Na sa gyaran, jan rubutu ya tafi, 2B ya fito. Sai dai wani sabon abu ya ɓullo har biyu.

Na farko, wadda ta zo ta ɗaya a 2B yarinya ce da ba ta rubuta jarrabawa ko ɗaya ba. Tun tsakiyar zango take kwance ba lafiya, Allah Ya ba ta sauƙi. A gurbin abarejinta an rubuta `NaN`, ga ta a saman kowa, har ta ture wanda ya ci 88.6. Ni ga yadda nake lissafin: `(double) jimla / adadinDarussa`, kuma darussan da aka shigar wa maki kawai nake ƙirgawa.

Na biyu, akwai takardar da nake bugawa ta sunaye zalla don sa hannun iyaye. Ni da hannuna na zauna na gyara sunayen yara da haruffa masu lanƙwasa, don ina jin haushin ganin an rubuta wa yaro Dahiru alhali Ɗahiru ne. To yanzu Ɗahiru da Ɗalhatu da Ɗanladi duk sun gangara can ƙasa, bayan Zainab da Zubairu. Kamar Java ba ta san Ɗ ƙanin D ba ne.

Antin_Java ta rubuta:

Amin Malam. Allah Ya ba ta lafiya.

Yarinyar nan jimlarta 0, darussanta 0. Da da `int` ka raba, da manhajar ta tsaya da `ArithmeticException` ka gane tun ranar farko. Amma a `double`, sifili a raba da sifili ba ya tsayar da komai, `NaN` yake bayarwa, ma'ana "wannan ba lamba ba ce". Shi kuma `Double.compare`, don ya cika waccan yarjejeniyar, dole ya sama wa `NaN` mazauni tabbatacce, sai aka ajiye shi sama da kowace lamba. Kai kuma ka ce babba ya hau sama. Ta hau.

Ina kyautata zaton ma ita ce ta fasa maka ƙwai a 2B. A tsohon kod ɗinka, duk abin da aka ɗebe daga `NaN` `NaN` ne, kuma `(int)` na `NaN` sifili ne. Wato ka gaya wa Java yarinyar nan daidai take da na ɗaya, daidai take da na ƙarshe. Ka gode mata, ba don ita ba da Juma'a ta same ka.

Kar ka yi dabarar ba ta 0, don bai kamata a rubuta wa marar lafiya ta 58 cikin 58 ba. Ka ware waɗanda ba su zauna jarrabawa ba tun kafin jerawa, katinsu ya fita ba fozishin.

Tunda mun zo nan, bari in faɗi abin da mai kalkuleta zai kama ka da shi nan gaba. Na ga lamba ɗaya kake nunawa bayan ɗigo. A SS wani darasi takwas yake yi, wani tara. Mai 577 a darasi 8 abarejinsa 72.125, mai 649 a darasi 9 nasa 72.111. A kati duk biyun 72.1 za a gani, amma ɗaya na huɗu ɗaya na biyar. Me za ka ce wa uban na biyar? In makaranta ta yarda abin da ke kan kati shi ne hukunci, to da shi za ka jera:

`Comparator.comparingLong((Dalibi d) -> Math.round(d.getAbareji() * 10)).reversed()`

Za ka ce ai wannan ma datsewa ce irin wadda na hana ka. Akwai bambanci. Da, tazarar da ke tsakanin yara biyu kake datsewa, don haka amsar tana canzawa gwargwadon wanda aka haɗa yaro da shi. Yanzu kowane yaro shi kaɗai ake ba shi lambarsa, 721, kuma ita ce tasa ko da wa aka gwada shi.

Sannan jerawa daban, ba da fozishin daban. Bayan ka jera sai ka bi su ɗaya-ɗaya: in lambar yaro ɗaya ce da ta wanda ke samansa, ya ɗauki fozishin ɗinsa. Kuma kar wani ya ba ka shawarar zuba su a `TreeSet` wai yana jerawa da kansa. Shi duk biyun da `compare` ya ce 0 yana ɗaukarsu mutum ɗaya ne, sai ya ƙi karɓar na biyun. Na taɓa ganin jerin ma'aikata ya ragu da mutum uku ta wannan hanyar, aka kwana biyu ana neman su.

Batun Ɗ na bar wa wanda ya fi ni, ni sunayen da nake aiki da su duk ba lanƙwasa ake shigo min da su.

Bamaradiye ya rubuta:

Mushe (haka muke kiran malami a Nijar), sannu da aiki. Na yi dariya da na ga kod ɗinka na farko, don mu nan Nijar bisa 20 ake ba da maki a lakwal, wato makaranta. Yaro mai 12.9 da mai 12.1 nesa suke da juna sosai, amma a wajenka da rabin aji sun yi canjaras.

Zancen Ɗahiru, na sha wannan wahala. `compareTo` na `String` bai san abacada ba, lambar da Unicode ta ba kowane harafi yake dubawa. A tana 65, Z tana 90, ƙananan haruffa daga 97 zuwa 122. Namu masu lanƙwasa can nesa aka ajiye su: Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408. Dole su koma bayan Zubairu. Haka in fom masta ya rubuta suna da ƙaramin harafi a farko, shi ma ƙasa zai tafi. Kuma ba a farkon suna kaɗai ba, ka duba Bilƙisu da Bilyaminu, za ka ga Bilyaminu ya riga ta.

Maganin shi ne `RuleBasedCollator`, yana cikin `java.text`, ba sai ka sauko da komai ba. Ka ɗauki dokokin Ingilishi ka ƙara namu a kai:

```java
String asali = ((RuleBasedCollator) Collator.getInstance(Locale.ENGLISH)).getRules();
Collator hausa = new RuleBasedCollator(asali
    + "& B < \u0253, \u0181 & D < \u0257, \u018A"
    + "& K < \u0199, \u0198 & Y < \u01B4, \u01B3");
```

Ma'anarsa: bayan B a sa ɓ da Ɓ, bayan D a sa ɗ da Ɗ, haka har ƙarshe. Da lambobi na rubuta su don kar su rikiɗe su zama alamar tambaya in ka kai fayil ɗin wata kwamfuta. Zai nemi ka kama `ParseException`. Daga nan sai `thenComparing(Dalibi::getSuna, hausa)`, ko a takardar iyaye `Comparator.comparing(Dalibi::getSuna, hausa)`.

Na ƙarshen, ƴ, mu ne ke rubuta shi, ku a Najeriya 'y kuke sawa, kana iya cire shi in ba ka buƙata. Ban sa sh da ts ba da gangan. A abacadar Hausa haruffa ne masu zaman kansu, in ka bi ta Shehu zai koma bayan Sulaiman, kuma na san fom mastocinku za su ce manhaja ta lalace.

Abu guda da kod ba zai gyara maka ba: in wani malami ya rubuta Danladi wani ya rubuta Ɗanladi, wurare biyu za su zauna.

Dan_Sabon_Gari ya rubuta:

To Anti na karɓi gyara, ashe furojet ɗina ma Allah ne kawai Ya rufa asiri. Ni yanzu Python na koma, can abin layi ɗaya ne: `sorted(dalibai, key=lambda d: (-d.abareji, d.suna))`. Tun Python 3 a 2008 suka cire damar miƙa wa `sort` fankshin mai kwatanta biyu kai tsaye, sai dai ka ba kowane abu makullinsa, irin dai abin da kika yi da 721 ɗin nan. Wanda ya nace sai tsohuwar hanya ya bi ta `functools.cmp_to_key`. Amma fa ita Python ko ka yi magana biyu ba ta ihu, jera maka za ta yi yadda ta ga dama ta miƙo.

Malamin_Kwamfuta_Zazzau ya rubuta:

Alhamdu lillahi, jama'a na gode ƙwarai. Bamaradiye, Ɗahiru ya dawo bayan Dauda inda ya dace, Bilƙisu ma ta riga Bilyaminu. Ƴ ɗinku na bar shi, akwai yara biyu 'yan Maraɗi a JSS 1. Marar lafiyar na cire ta daga jeri, katinta ya fita da "ba ta zauna ba". Katunan SS 3 na Litinin na kwashe su daga durowa da safe kafin kowa ya iso, na sake bugawa, kuɗin takarda da tawada daga aljihuna.

Na kuma ƙara wani ɗan gwaji da kaina: bayan an jera, manhajar tana bin jerin daga sama, in ta ga wanda abarejinsa ya fi na wanda ke samansa sai ta ƙi bugawa. Duk azuzuwa tara sun wuce.

Saura rigima ɗaya wadda ba ta Java ba. A 2A yara biyu sun yi kunnen doki a na biyu. Ni na ba mai bi musu na huɗu, don haka `RANK` na Excel yake yi, kuma haka aka saba gani a katunanmu. Fom mastan ya ce shi sam bai yarda ba, ta yaya aji zai kasance ba na uku, alhali an riga an sayi kyautar na uku, dozin ɗin littafin rubutu da jakar makaranta. Na rubuta hanyoyin biyu na ajiye, gobe da safe Hajiya za ta zaɓa.